Sauyin Sauti da Nahawu: Daga Ingilishi Zuwa Hausar Gonakin Bunkure



Duk wanda ya tsaya a bakin hanyar ruwa a Bunkure ko Kura lokacin ɗiban tumatir, ya kasa kunne, zai ji Hausa iri-iri. Tun da aka gama madatsar ruwa ta Tiga a 1974, zamanin Gwamna Audu Baƙo, ruwa ya riƙa gangarowa gonakin Kadawa da kewaye, noman rani ya jawo 'yan cirani daga nesa. Mai gona Bakano ya ce "zauna", ɗan ƙwadago Basakkwace ya ce "zamna". Wannan ya ce "sauka", wancan ya ce "sabka". Ɗan boko da ke wurin yakan yi murmushi, a ganinsa baƙon ne ya karya harshe. Alhali kuwa tarihin Ingilishi, harshen da yake tinƙaho da shi, shi ne zai fara ƙaryata shi.

Kowane ɗalibi ya taɓa mamakin dalilin rubuta "k" a farkon knife da knight, ga shi kuwa ba a furta ta. Dalilin shi ne da can ana furtawa, sai wajen ƙarni na 17 ta faɗi daga bakin mutane. Haka kuma, tsakanin wajen 1400 zuwa 1700 dogayen wasulan Ingilishi suka gusa daga matsayinsu: time da ake furtawa da dogon "i", house da ake furtawa da dogon "u", suka koma yadda ake jin su yanzu. Ana cikin wannan gushewa William Caxton ya kafa injin ɗab'i a Ingila a 1476, rubutu ya fara daskarewa, furuci ya yi gaba abinsa. Abin lura a nan shi ne, har yanzu a Sikotlan akwai masu cewa "huus". Mutumin Landan ya ɗauke su 'yan ƙauye, amma su ne suka riƙe tsohon furuci, shi ne ya sauya.

To, haka al'amarin yake ga Hausa. A 1928 wani masani Bajamushe, August Klingenheben, ya bayyana cewa wasu baƙaƙen Hausa sun yi rauni a ƙarshen gaɓa. Shaidar tana nan cikin kalmomin yau da kullum. Ana cewa talaka, amma talauci: "k" ta koma "u" da ta zo ƙarshen gaɓa. Ana cewa ɓauna, jam'i ɓakane. A jam'in ne tsohuwar "k" ta tsira, domin wasali ya biyo ta. Haka "t" ta koma "r": farke, jam'i fatake. Waɗannan tsofaffin sauye-sauye ne, sun game ƙasar Hausa.

Amma akwai na baya-bayan nan, wanda ya shafi baƙaƙen leɓe, watau "b" da "f" da "m". Shi wannan a gabas ya auku, bai kai yamma ba. Bakano yana cewa juji, amma jam'insa jibaje, wanda ya tona asirin cewa asalin kalmar jibji ne, kamar yadda take a Sakkwato. Yana cewa makafi, amma makauniya. Saboda haka ɗan cirani mai cewa "zamna" da "amre" bai ɓata kome ba. Furucin kakannin Bakano ne yake maimaita masa.

Kada a zaci Kano kullum ita ce mai sakin tsohon abu. Tsohon Ingilishi yana da jinsi uku, kowane suna da nasa, har kalmar wif, watau mace, ba ta cikin jinsin mata. Zuwa ƙarni na 14 duk wannan ya rushe. Hausa ma ta kama wannan hanya a kudu: a Zazzau ana jin "rigan Audu" da "motan sarki", inda Bakano ya tsaya kan "rigar" da "motar". A nan shi ne mai riƙon gado.

Daidaitacciyar Hausa dai zaɓi ce da aka yi don sauƙin rubutu, aka jingina ta da karin Kano, jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo ta yaɗa ta tun daga 1939. Wajibi ne malami ya koyar da ita, akawu ya rubuta ta. Sai dai malamin da ya ja jan alƙalami a kan "zamna" ya kyautu ya gaya wa yaro cewa ba ita aka zaɓa wa takarda ba, kada ya ce masa ba Hausa ba ce.

Wani abin sha'awa a gonakin nan: kalmomin Ingilishi da suka shigo Hausa sun iske dokar gida. Tarakta ta ƙare da "a", sai ta shiga jinsin mata. Injin da famfo suka zama maza. Manomin Bunkure yakan ce tarakta ta lalace, injin ya mutu, ba wanda ya koya masa.