LACCA GA JAMA'AR KANKIYA DA KUSADA: IN ANNOBA TA ZO, A FARA DA DATTAWA

Iyayenmu da 'yan'uwanmu talakawa, masu tebur da masu awo da fatake. Mun tara ku yau a kan maganar allurar riga-kafi, da dalilin da ya sa muke cewa a fara yi wa tsofaffi.

Kun tuna shekarar 2020. Cutar korona ta shigo Nijeriya ta Ikko ran 27 ga Fabrairu. Kafin watan Maris ya ƙare Gwamnatin Katsina ta hana taro, har rigima ta tashi a Kusada aka ƙone ofishin 'yan sanda. Aka tsare hanyoyi, ciniki ya tsaya, mai neman na yau ya rasa na cefane. Ba a sami allura ba tukuna, sai hukuma ta kama abin da ke hannunta, watau kulle.

To, su wa cutar ta fi ɗauka? Ku dubi Kano. A watan Afrilu na shekarar nan aka yi ta binne manya, malamai da attajirai da tsofaffin ma'aikata. Ministan Lafiya na lokacin, Dokta Osagie Ehanire, ya ba da labari a watan Yuni cewa an ƙirga mutuwa 979 a ƙananan hukumomi takwas na birnin, rabi ko fiye ana jin korona ce sanadi, galibinsu kuwa sun haura shekara 65. Saurayi yakan yi zazzaɓi da tari kwana kaɗan ya koma rumfarsa, amma ya riga ya kai wa tsohonsa cutar har ɗaki. Jikin tsoho ya gaji da faɗa da cuta, ga hawan jini, ga ciwon suga, in ta kama huhunsa sai numfashi ya gagara.

Aikin allura kamar a nuna wa mai gadin kasuwa kamannin ɓarawo ne tun bai zo ba. Jiki ya san abokin gaba, ya yi shiri. Ba mu ce wanda aka yi wa ba zai kamu ba sam. Yakan kamu, amma da wuya ta kai shi kushewa, wannan kuwa shi ne abin nema.

Ingila ta fara ran 8 ga Disamba 2020, da wata tsohuwa mai shekara 90, Margaret Keenan. A 2024 Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi lissafi, ta ce allura ta tsirar da rai fiye da miliyan 1.4 a yankin Turai, 96 cikin 100 kuwa masu shekara 60 ne ko fiye. Kun ji inda ribar take. In shuci ya yi kaɗan damina ta kawo kai, ai ɗakin da ke yoyo ake fara baibayewa.

Tamu ta sauka Abuja ran 2 ga Maris 2021, kusan miliyan huɗu, ga jama'a fiye da miliyan 200. Shugaban Ƙasa Muhammadu Buhari, mutumin Daura, yana da shekara 78 ya miƙa hannu aka yi masa ran 6 ga watan. Tsarin hukuma shi ne ma'aikatan asibiti da fari, sa'an nan masu shekara 50 zuwa sama. Amma a Disamban shekarar sai da aka lalatar da allura fiye da miliyan ɗaya a Abuja don kwananta ya ƙare. An kawo ta a makare, ga kuma mutane suna ɗari-ɗari.

Mun san tsoron yana da tushe. Ba a manta da gwajin maganin Trovan a kan yara a Kano a 1996 ba. Tambaya haƙƙinku ce: wace allura ce, wa ya tabbatar da ita. Amma ku dubi damtsen kakanninku, za ku ga tabon lamba. Da ita aka kori agana, har a 1980 aka yi shela ta ƙare a duniya.

A watan Mayu 2023 aka janye dokar ta-ɓaci kan korona, sai dai annoba ba ta sallama. In wata ta zo, ga roƙonmu. Kowane mai gida ya san tsofaffin gidansa da masu ciwo, ya kai su asibitin Kankiya ko na Kusada tun ranar farko. Mai babur ya ɗauki tsohuwar unguwarsu. Sarkin kasuwa da masu unguwanni su nemi ma'aikata su biyo waɗanda ba su iya fita. Samari su yi haƙuri su bi baya a layi.

Allah ya ja kwanan iyayenmu, ya kiyashe mu da annoba. Amin.