Wa Muka Bar Wa Jinyar Iyayenmu?

Jawabin da aka gabatar a taron shekara-shekara na ƙungiya



An nemi in yi magana a kan lafiyar dattawa. Na ga ya fi amfani in tsaya a kan ɓangare ɗaya da ba mu cika tattaunawa a kansa ba, wato mutanen da muke ɗauka su yi jinyar iyayenmu a gida alhali mu muna birni.

A da, tsoho ba ya rasa mai kula da shi, domin gandu ya tara 'ya'ya da surukai da jikoki a gida ɗaya. Yanzu aiki da karatu da fatauci sun watsa mu. Wanda ya rage a Paki ko Gimi ko Likoro yana fama da gonar rake ko fadamar tumatir. Idan hawan jini ya kai uwa ga shanyewar ɓarin jiki, ko ciwon suga ya kwantar da uba, sai a yi waya a tara kuɗi a nemo wani. Wani lokaci yaron kemis ne, wani lokaci 'yar aiki ce, wani lokaci kuma ƙaramin kamfani ne irin waɗanda ke buɗewa a manyan birane suna tura masu jinya gidajen mutane. A cikinsu akwai masu amana da sanin aiki, Allah ya saka musu da alheri. Sai dai mu da muke biya ba mu da mudun da za mu auna su. Da zarar kuɗi ya shiga asusu, sai hankalinmu ya kwanta kamar mun sauke farali.

Wasu ƙasashe sun daɗe da sassaƙa wannan mudu. A Ingila, tun 2009 akwai hukuma guda da tilas duk kamfanin da ke tura masu jinya gida ya yi rajista da ita, ta kuma riƙa bincikar aikinsa. A nan Nijeriya an sa hannu a dokar kafa Cibiyar Kula da Dattawa ta Ƙasa a 2018, cibiyar ta fara aiki a 2021. Mataki ne mai kyau, amma babu jami'in da zai taso daga Abuja ya leƙa ɗakin gyatumarka a Saulawa. Mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo. Saboda haka ga abubuwa huɗu da nake roƙon kowa ya tabbatar.

Na farko, sanin wanda ka ɗauka. Farar riga ba shaida ba ce. Nas ko ungozoma ta gaskiya tana da lasisi daga Majalisar Nas-Nas da Ungozoma ta Nijeriya. Jami'in lafiya na karkara kuwa, irin waɗanda makarantar Shehu Idris ta Makarfi ta daɗe tana yayewa, shi ma yana da hukumar da ke yi masa rajista. Ka nemi ganin takarda, babu kunya a ciki. Wanda ba shi da ita yana iya wanka da ciyarwa da hira da tsoho, kuma aiki ne mai daraja, amma ba shi da hurumin yin allura ko ƙarin ruwa ko canza magani. Idan kamfani ne, a tambayi rajistarsa da ofishinsa, da wanda za a kira in wani abu ya faru da tsakar dare. Kowa aka kawo, a sami mai tsaya masa, mai unguwa kuma ya san da zamansa.

Na biyu, magani. A nan aka fi yin ɓarna, kuma sau da yawa da kyakkyawar niyya. Mai ciwon suga da aka yi wa allurar insulin bai ci abinci ba, sugansa na iya faɗuwa, ya yi gumi, ya rikice, ya suma, a ɗauka iska ce. Maganin ciwon jiki irin su diclofenac, in tsoho ya lizimce shi, yana ɓata ciki da ƙoda. Maganin hawan jini ba a daina shi don an ji sauƙi. Sirinji ɗaya kuwa, in aka maimaita shi tsakanin mutane, yana yaɗa ciwon hanta da cutar ƙanjamau. A sayi magani mai lambar NAFDAC, a duba ranar lalacewarsa, kada a haɗa shi da na gargajiya sai an shaida wa likita.

Na uku, jiki da muhalli. Wanda ba ya iya juyawa da kansa, a juya shi kamar kowane awa 2, a tsare shimfiɗarsa daga danshi, in ba haka ba gyambo zai fito a ƙugu da duga-dugai, kuma warkewarsa wuya. Mai shanyewar jiki a zaunar da shi kafin a ba shi kunu, a hankali, domin ƙwarewa na iya kai abinci cikin huhu. A gyara dokin ƙofa mai tsawo, a sa fitila a hanyar ban-ɗaki, a kafa abin dafawa, a samo kujerar zagayawa. Faɗuwa ɗaya na iya karya ƙugun tsoho, kuma da yawa ba su sake miƙewa. Da hunturu kada a kwana da garwashi a rufaffen ɗaki.

Na huɗu, littafi. Mu da muka yi aikin makaranta mun san cewa sufeto ba ya tambayar malami ko yana aiki. Rajista yake buɗewa. A sayi littafi mai shafi 80 a ajiye kusa da gado. A riƙa rubuta awon jini, da maganin da aka sha da lokacinsa, da abin da aka ci, da duk wani canji. Ranar da aka tafi babban asibitin Ikara ko Makarfi ko Hunkuyi, ko aka wuce Shika, littafin nan ne zai yi wa likita bayani. A bangonsa a rubuta lambar direban da zai fito ko da ƙarfe biyun dare ne.

Ba zan rufe ba sai na faɗi haƙƙin mai jinyar. Araha ba ta ado. Wanda ka riƙe wa albashi wata uku, ba hutu ba mai canjinsa, kada ka yi mamaki in ya fara tsawa ga mahaifinka. A biya shi a kan lokaci, a ba shi safar hannu da sabulu, a ware masa ranar hutu. In kuma ka zo gida, ka zauna da tsohon ku biyu kawai, ka duba bayansa, ka saurare shi. Iyayenmu suna da kawaici. Za su ce lafiya lau don kada su tayar maka da hankali.

Shawarata ga wannan ƙungiya ita ce a kafa ƙaramin kwamiti na 'ya'yanmu ma'aikatan lafiya, musamman waɗanda suka yi ritaya suka dawo gida. Su tantance masu son wannan aiki, maza da mata, su ba su horo, su ajiye sunayensu, su kuma riƙa zagayawa gidaje sau ɗaya a wata. Abin da za a kashe bai kai kuɗin rumfa da abincin wannan taro ba. Ina fatan kafin mu tashi yau a fitar da sunayen 'yan kwamitin.

Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya jiƙan waɗanda suka riga mu, ya mai da kowa gidansa lafiya.