Ƙwai ɗaya a bar wa mai ciwon suga

Kafin a buɗe akwati a fara zubi, ina so mu ɗan taɓa maganar ƙwai.

Da yawa cikinmu da rancen ƙungiya muka sayi kaji, wasu zabi. Amma ƙwan da suka saka, kaf ɗinsa kasuwa yake tafiya, kuɗin ya dawo gida a matsayin burodi da sukari. In akwai mai ciwon suga a gidan, to mun sayar da abin da ya dace da shi, mun sayo wanda ke cutar da shi.

Gwaggona a Argungu tana da ciwon nan. Kalacinta kullum koko ne da sukari, da rana shinkafa, da dare tuwon shinkafa. Mu Kabawa ina muka ga ta barin shinkafa? Sai dai duk waɗannan, da sun shiga ciki suga suke komawa. Ƙwai ba haka yake ba. Guda ɗaya na da furotin, abin da ke gina jiki, kusan giram 6, sinadarin da ke zama suga kuwa bai kai giram 1 ba. Ga shi yana riƙe ciki. Da muka rage mata kokon, muka cire sukarin, muka haɗa da dafaffen ƙwai da kwaɗon zogale, ta daina neman abin taɓawa tun hantsi.

Dafaffe na ce, ku lura. A bar shi kamar minti 10 a tafasasshen ruwa. Wanda mai shayi ke soyawa cikin mai, a tura a burodi, a kora da shayi mai sukari cokali uku, wannan kam ba shi nake nufi ba. Da damina ƙwan zabi na araha, shi ma ya yi. In kina shakkarsa, sa shi a ruwa: wanda ya taso sama ya lalace.

Guda ɗaya a rana ya isa. Gwaiduwa na da kitse, don haka mai ciwon zuciya ko ƙoda, ko wadda aka ce kitse ya yi yawa a jininta, ta fara tambayar likita, ko a Asibitin Sir Yahaya nan Birnin Kebbi ko asibitin da ya fi kusa da ita. Kuma don Allah, Inna, ƙwai abinci ne, ba ya warkar da suga. Kada wadda ta ajiye maganinta ko ta bar zuwa awo ta ce ni na faɗa.

Yanzu duk mai irin wannan mara lafiya a gida ta ɗaga hannu, mu lissafa ƙwai nawa za ta riƙa warewa a sati kafin ta kai kasuwa. Ma'aji, a kawo akwati.