Mata Goma a Babi Ɗaya: Yadda Ikilisiyoyin Arewa Ke Karanta Manzo Bulus

 

Na san akasarin waɗanda ke zaune a nan Musulmi ne, gardamar da na zo da ita kuwa ta cikin gidanmu ce, mu Kiristoci. Na yarda in shigo da ita cikin ganuwar Kano ne domin duk zaman da aka tayar da maganar naɗa mace fasto a Arewa, sai wani dattijon ikilisiya ya miƙe ya ce, to me maƙwabtanmu Musulmi za su ce? Da sunanku ake rufe mana baki, ya kamata ku sani.

 Ga inda muke. Ikilisiyoyin ECWA da COCIN da EYN ba sa naɗa mace. Katolika ta ce ƙofar a rufe take, Paparoma John Paul na biyu ya jaddada haka a 1994. A Anglican ta Najeriya, Bishop Herbert Haruna na Kwara ya naɗa mata uku dikinoni a 1993, 'yan'uwansa bishop-bishop suka soke naɗin. A ɗaya gefen, Presbyterian ta naɗa Mgbeke Okore tun 1982, Lutheran ta Numan tana da mata fastoci, Margaret Idahosa kuma tana shugabantar ikilisiyar da mijinta ya bari a Benin tun rasuwarsa a 1998. Littafi ɗaya duk muke riƙe da shi. Saɓanin yana wajen karatu.

Abokan aikina a makarantun tauhidi suna tsaye ne kan wurare biyu: 1 Timoti 2:11-12, inda aka hana mace koyarwa da iko a kan namiji, da 1 Korantiyawa 14:34-35, inda aka ce mata su yi shiru a taron ikilisiya. Ban ce a goge su ba. Tambayata ita ce yadda ake zaɓe. Ayoyi biyu kacal kafin wancan hani na Timoti, a aya ta 9, an hana mata adon kitso da zinariya da tufafi masu tsada. A shiga kowace majami'a a Sabon Gari ranar Lahadi a ƙirga kitso da sarƙa da leshi, a fara daga matar rabaran. Ba wanda aka sa a horo saboda kitso. In ka tambaya, sai a ce ai wannan al'adar mutanen Afisa ce ta wancan zamani. To wa ya ba da izini a ce aya ta 9 ta Afisa ce, aya ta 12 kuma ta har abada? Wasiƙar Korantiyawa ma haka take. A babi na 11 Bulus yana tsara yadda mace za ta yi addu'a da annabci a gaban jama'a. Mutumin da ya tsara yadda za ta yi magana a babi na 11 ba zai haramta mata magana gaba ɗaya a babi na 14 ba. Akwai wata hayaniya da yake tsawatarwa a Koranti, kuma babin kansa ya nuna haka, domin a cikinsa an ce wa masu harsuna da masu annabci su ma su yi shiru in lokacin shiru ya yi.

Yanzu ga inda nake so mu zauna, wato Romawa 16. Wannan babi ne da masu wa'azi ke tsallakewa don suna ganin jerin gaisuwa ne kawai. Ni kuwa a wurina shi ne rajistar ma'aikata mafi tsufa da ikilisiya ta mallaka. Koyarwa ana iya jayayya a kan manufarta, amma gaisuwa tana nuna abin da mutum yake yi a zahiri, da wa yake aiki, wa yake girmamawa. Daga aya ta 3 zuwa ta 16 Bulus ya gai da mutum 26 ɗaya bayan ɗaya. Tara daga cikinsu mata ne. In aka haɗa da Fibi, wadda da ita aka buɗe babin, sun zama goma.

Mu ɗauke su. Fibi mai hidima ce a ikilisiyar Kankiriya, tashar jiragen ruwa ta Koranti, kuma laƙabin hidimar da ya ba ta shi ne wanda yake ba kansa a wasu wasiƙu. Ya ce ta ɗauki nauyin mutane da yawa, har da shi. Mafi yawan masana sun yarda ita ce ta kai wasiƙar Roma. Ku yi tunanin abin da wannan ke nufi a zamanin da ba gidan waya, ba bugu. Wanda ya kawo takarda shi ake yi wa tambaya in ba a gane ba. Wasiƙar da Agustin da Luther suka gina tauhidinsu a kanta, wadda ɗalibanmu ke shafe zango guda suna fama da ita, a hannun mace Bulus ya danƙa ta. Sai Bilkisu matar Akila. Sau shida aka ambaci ma'auratan nan a Sabon Alkawari, sau huɗu sunanta ne a gaba, a zamanin da ba a saba sa mace gaban mijinta ba. A Ayyukan Manzanni 18 ita da mijinta suka ja Afolos gefe, mutumin Iskandariya, gwanin magana, masanin Nassi, suka gyara masa karatu. A wane gari? A Afisa, garin da Timoti yake zaune lokacin da aka aika masa wasiƙar da ake kafa mana hujja da ita. Sannan akwai mutum huɗu da Bulus ya yaba musu musamman saboda wahalar aiki a wannan babi: Maryamu, Tarafina, Tarafusa da Barsisa. Dukansu mata ne.

Ta bakwai a lissafina ita ce Yuniya, a aya ta 7, wadda ta sha ɗauri tare da Bulus, ta riga shi ba da gaskiya, kuma aka lasafta ta da Andaranikas cikin fitattun manzanni. Yohanna Kirisostom, babban mai wa'azin Kustantiniya da ya rasu a 407, wanda Helenanci harshen uwarsa ne kuma ba wanda zai zarge shi da son shugabancin mata, ya karanta ayar ya yi mamakin hikimar matar da ta kai a kira ta manzo. Fiye da shekara dubu haka ake karantawa. Daga baya aka fara mayar da ita namiji. Luther ya bi wannan a fassararsa ta 1522. A 1927 bugun Helenanci na Nestle, wanda masu fassara a duniya ke dogara da shi, ya sa sunan a siffar namiji, haka ya zauna har 1998 kafin a mayar mata da sunanta. Sunan macen ya bayyana sau fiye da 250 a rubuce-rubucen duwatsu na birnin Roma, na namijin kuwa ba a same shi ba. Eldon Epp ya tattara wannan tarihi a littafinsa na 2005. Ba wani sabon tsohon kundi da aka tono a 1927. Masu gyaran bugu ne suka ga ba zai yiwu mace ta zama manzo ba. Littafi Mai Tsarki na Hausa ya fara fitowa cikakke a 1932, aka sake fassara shi a 1979, duka biyun a cikin waɗancan shekaru 71. Kowa ya koma gida ya buɗe nasa ya duba.

Ana cewa wannan magana shigo-shigo ce ta Turawa, kuma in aka buɗe wannan ƙofa auren jinsi ne zai biyo baya. Da aka sanar da Sarah Mullally a matsayin Akbishop na Canterbury a Oktoban 2025, shugaban Anglican na Najeriya, Henry Ndukuba, wanda ya yi hidima a nan Kano kafin ya zama bishop na Gombe, ya haɗa abubuwan biyu a cikin ƙin amincewarsa. Ina girmama shi, amma haɗin bai tsaya ba. Bishop Festo Kivengere ya naɗa mata firistoci a Uganda tun 1983, kuma ba wanda zai ce ikilisiyar Uganda ta sassauta a kan aure. Kenya da Sudan ta Kudu suna da mata bishop-bishop. Mercy Oduyoye, wadda ta koyar a Ibadan ta kuma tara mata masana tauhidi na Afirka a Accra a 1989, 'yar Ghana ce. Hujjar tsarin halitta da laifin Hauwa'u da ake kafawa don hana mace shugabanci kuwa, Debora da ta yi wa Isra'ila shari'a da Hulda da Sarki Yosiya ya aika manyan fadawansa wurinta sun isa amsa.

Batun maƙwabta fa? Hukuncin limanci a Musulunci naku ne, ba zan sa baki ba. Amma ƙasar da Shehu Usmanu ya tsawata wa malamai a Nurul Albab don sun bar matansu da 'ya'yansu mata cikin jahilci, ƙasar da Nana Asma'u ta ɗora wa jajis malfa ta tura su ƙauyuka koyar da mata, ba ta da dalilin firgita don ta ga mace da littafi a gaban jama'a. Makarantun Islamiyya na unguwannin nan cike suke da malamai mata. Dattawanmu su nemi wani uzuri.

Abin da ke ci mini rai shi ne aikin dai ana yin sa. Zumuntar Mata ce ke cika kujeru, ita ke ziyarar marasa lafiya, ita ke fita bishara ƙauye da tulu da ganga, baikonta ke rufa wa majami'u da yawa jinka. Barbara Cooper ta nuna irin wannan a Maraɗi a littafinta na 2006. Lokacin da Boko Haram ta mamaye hedkwatar EYN a Kwarhi a Oktoban 2014, bayan sace 'yan matan Chibok da akasarinsu 'ya'yan wannan ikilisiya ne, Dokta Rebecca Dali, wadda ta koyar a kwalejin tauhidi ta Bukuru, tana cikin waɗanda suka bi zawarawa da marayu har inda suka gudu, aka karrama ta a Geneva a 2017. Mace tana iya koyar da ɗalibi a aji, ya fita a naɗa shi, ita kuma ba ta isa ta yi baftisma ko ta raba Jibin Ubangiji ba. In ka ɗaga murya sai a ce a bar kaza cikin gashinta.

Abin da nake nema na daɗe ina faɗinsa. Kada a ba ɗalibi takardar gama makarantar Baibul sai ya yi jarrabawa a kan Romawa 16 tare da 1 Timoti 2, a zama ɗaya. Macen da ta yi karatu daidai da namiji a ba ta lasin wa'azi daidai da nasa, naɗi ya biyo baya, kada a tura ta ajin yara kawai don mace ce. Shugabannin Zumuntar Mata su sami ƙuri'a a majalisun gunduma da na ƙasa, zaman kallo da dafa abincin taro ya ishe su. Akwai kuma wanda ba ya jiran wata majalisa, kowane fasto zai iya farawa wannan makon. In mace ta zo ofishinsa da kumburarren ido, kada ya buɗe mata Afisawa 5:22 ya ce ta koma ta yi biyayya. Ya kira mijin, ya karanta masa aya ta 21 da ke umartar su biyun su yi wa juna biyayya, da ta 25 da ke neman ya ba da ransa dominta, ya sa shi a horo kamar yadda ake sa mazinaci, kuma kada matar ta koma gidan sai dattawa da danginta sun tabbatar ba za a sake taɓa ta ba.