Farin ɗigo a jikin kifi: a keɓe kafin a haɗa

Mai kiwon tarwaɗa ko karfasa a Jibiya yakan wayi gari ya ga kifayensa na goga jiki da bangon kwatami, fatarsu ta yi ɗigo-ɗigon fari kamar an barbaɗa gishiri. Nan take sai a garzaya kemis a sayo kafso. Asarar kuɗi ce, domin ba ya kashe ƙwaron da ke haddasa ɗigon. Muddin ƙwaron yana cikin fatar kifi, magani ba ya isa gare shi. Sai ya ƙoshi ya faɗo ƙasan ruwa, ya haifi ɗaruruwa, sannan gishiri ke iya kashe 'ya'yan da ke yawo. Shi ya sa ake maimaita magani kwanaki a jere, ko da ɗigon ya ɓace.

Abin da ya fi shi ne a keɓe sabbin 'ya'yan kifi a wani mazubi daban na makonni kafin a haɗa su da na gida, kowane mazubi da komarsa da bokitinsa. Wani zai ce ƙaramin mai kiwo ba shi da halin wannan. Gaskiya akwai ɗawainiya, amma kuɗin robar ruwa guda bai kai na kifin kwatami guda ba. Kuma maganar ta wuce gida ɗaya: kogin Gada da aka datse a Jibiya shi ne Gulbin Maraɗi, kuma ruwan da aka zubar daga kwatami mai cuta yana iya kai ƙwaron ga masunta a tsallaken iyaka.