Yini Guda a Tsakanin Tukwanen Jos



An nemi in yi magana a kan yadda na ci hutun da ya wuce. Abin da zan kawo muku labarin yini guda ne kacal, wanda na yi a gidan adana kayan tarihi na Jos, ni da maiɗakina, babu ɗalibi ko ɗaya a bayanmu.

Sau biyu na taɓa kai yara wannan gida, wanda aka buɗe a 1952 bisa ƙoƙarin Bature Bernard Fagg. Amma ku kun san yadda ziyarar makaranta take: ido a kan ƙirga kawuna, kunne a kan direba mai gaggawar komawa. Na wuce ta gaban kawunan Nok, waɗanda aka fara tsintowa a wuraren haƙar kuza, ban ga komai ba sai yaron da ya ɓace mini a layi.

Wannan karon sai na zauna a sashen tukwane, inda aka jera randuna da tuluna da kasake daga sassa daban-daban na Nijeriya. Na fi awa guda a gaban tulu ɗaya. Da farko tulu ne kawai. Can sai na lura da zanen da ke wuyansa, wanda aka yi ta hanyar mirgina igiya a kan ɗanyen yumɓu, har da inda hannun maginiyar ya ɗan karkace ta gyara. Maiɗakina ta ce irin sa kakarta take da shi a gindin gado, wanda muka yar da muka sayi roba. Ban iya ce mata komai ba.

Da la'asar muka taka zuwa filin gine-ginen gargajiya da ke kusa, inda aka kwaikwayi tsohon Masallacin Juma'a na Zariya, aikin Babban Gwani Muhammadu Durugu. Na ɗaga kai ina kallon bakan gizo, laka da azara sun riƙe rufi babu ƙarfe babu siminti.

Abin da ya dame ni, 'yan uwa, shi ne shekara goma sha takwas ina koyar da darasin fasaha da al'adu daga littafi. Ina zana tukunya a allo, yara su kwafa, in ba su maki. Takardar naira ashirin tana ɗauke da hoton Ladi Kwali, maginiyar da ta rasu a 1984, amma ban taɓa fito da ita daga aljihu na nuna wa 'yan aji huɗu ba. A ajina akwai 'ya'yan magina da masu sassaƙar ƙwarya da ke jin kunyar faɗin sana'ar iyayensu, kuma ina tsoron da hannuna a cikin wannan kunya.

Na san albashi ba ya kai mu ƙarshen wata, balle yawon buɗe ido. Don haka nake roƙon shugabannin reshe su duba yiwuwar mu haɗa kuɗin mota a hutu mai zuwa, mu je mu da iyalanmu, mu yini ba tare da rajista a hannu ba. Ni dai ranar Litinin da curin yumɓu zan shiga aji.