Sylvia Earle: Daga Ciyayin Teku Zuwa Ƙasan Teku



Duk wanda ya ji sunan Sylvia Earle, abin da ke fara faɗo masa a rai shi ne nutson da ta yi a 1979 kusa da tsibirin Oahu a Hawai, inda ta sa wata riga mai kama da sulke ta yi tafiya da ƙafa a ƙasan teku, a zurfin mita 381. Labari ne mai daɗin faɗi. Amma yau ina so mu koma baya, mu duba karatun da ya kai ta wurin.

An haife ta a 1935 a jihar New Jersey ta Amurka. Tana da shekara 12 iyayenta suka koma Florida, gaɓar Tekun Meziko, ruwa ya zama maƙwabcinta. Ta yi digiri na farko a Jami'ar Jihar Florida a 1955, na biyu kuma a Jami'ar Duke a 1956. A Jami'ar Jihar Florida ne ta haɗu da malamin da ya ɗora ta a hanya, Harold Humm, masanin ciyayin teku. A darasinsa ta fara nutso da tukunyar iskar shaƙa a baya, a lokacin da yawancin masana ke nazarin abin da koma ta janyo musu, sun tsaya a bakin jirgi.

To, ku lura da wannan: digirin digirgir bai zo ba sai 1966. Shekara goma cif. A tsakani ta yi aure, ta haifi 'ya'ya biyu, ta yi aiki, ta kuma shiga jirgin bincike Anton Bruun a 1964 zuwa Tekun Indiya, ita kaɗai mace cikin maza kusan 70. Kundinta kuwa a kan me? Ciyayi masu ruwan ƙasa na gabashin Tekun Meziko, dangin gansakuka, abin da babu ɗan jaridar da zai waiwaya. Ta tattara samfuri fiye da 20,000, ta tantance su, ta rubuta inda kowanne ke fitowa da zurfin da yake rayuwa. A ganina duk abin da ta zama daga baya daga wannan aiki mai gundura ya tsiro.

Shi ya sa a 1970, da aka kafa shirin binciken ƙarƙashin teku na Tektite karo na biyu a tsibiran Virgin, ita aka ba jagorancin ayarin mata da suka kwana mako biyu a wani ɗaki cikin ruwa, zurfin mita 15. Jaridu sun fi damuwa da cewa mata ne. Ita kuwa tana can tana lura da yadda kifaye ke kiwo a kan ciyayi.

Sauran tarihin a taƙaice: bincike a Jami'ar Harvard, kula da sashen ciyayin ruwa a Cibiyar Kimiyya ta Kalifoniya, sannan a 1990 ta zama mace ta farko da ta riƙe muƙamin babbar masaniyar kimiyya a hukumar kula da teku da yanayi ta Amurka, NOAA. Shekara biyu ta yi ta ajiye. A 2009 ta kafa Mission Blue domin fafutukar kare yankunan teku.

Ga 'yan'uwana malamai, roƙona ɗaya ne. Idan ɗalibarku ta dakata da karatu saboda aure ko goyo, kada ku cire sunanta daga lissafi. Ku riƙe mata gurbinta, ku ci gaba da duba mata kundi har ta kammala.